Harshen Da Ba Shi Da Suruki

Shekara tara Jipara ta yi a gidan Toktosun ba ta taɓa gaya masa magana baki da baki ba, shi ma bai taɓa gaya mata ba. Ba faɗa suka yi ba. Tsarin gidan ke nan tun kaka da kakanni: matar ɗa ba ta yi wa uban mijinta magana, ba ta kama sunansa, shi ma ba ya kama nata. Gidaje da yawa a ƙauyen sun sassauta, har akwai wadda ke zama gefen surukinta tana nuna masa yadda ake latsa waya. Amma Toktosun irin tsofaffin nan ne da ko hula ba sa canzawa sai ta yage a kansu.

Da farko tsohuwa, matarsa, ita ke ɗaukar saƙo tsakaninsu. Da ta rasu sai Ermek, mijin Jipara, in yana gida. Da Ermek ya faɗo daga saman gini a Mosko aka kawo shi cikin akwati, sai aikin ya koma kan 'yarsu Sezim, mai shekara takwas.

"Gaya wa kakanki abinci ya sauka," Jipara za ta ce, alhali tsohon yana zaune taku uku daga inda take.

"Gaya wa uwarki na ji," shi kuma zai ce.

Sezim takan tsaya a tsakiya ta juya nan ta juya can ta isar da saƙon da kowa ya riga ya ji, wani lokacin har da ƙarin gishiri nata na kanta.

To ga wani saƙo ya taso wanda ba a iya ɗora wa Sezim. An yi sadakar shekara ta Ermek tun kafin tumaki su sauko daga tsauni. Kubat, yayan Jipara, ya samo mata aiki a wani gidan ɗinki a Bishkek, babban birnin ƙasarsu, da ɗaki a kusa da nasa, ya kuma ce ranar Juma'a zai zo da mota. Ba wanda zai tare matar da ta cika shekara tana zaman makoki idan danginta suka zo ɗaukarta. Amma yaro na gidan ubansa ne, kowa ya san wannan, kuma Sezim ita kaɗai ta rage wa Toktosun a ƙarƙashin rufinsa. Jipara ba za ta tafi ta bar 'yarta ba, ba kuma za ta sace ta kamar akuya ba. Yardar tsohon take so, da addu'arsa. Wa za ta aika? Ta ce wa yarinya 'yar shekara takwas, je ki tambayi kakanki ko zai yarda in raba ku? Kubat ya ce shi zai yi maganar, amma bakin Kubat gatari ne, in ya sara ba gyara. Ta ce ya bar mata. Ga shi har Litinin ta zo, ko hanyar da za ta bi ba ta gano ba.

A ranar ce Sezim ta dawo daga makaranta da wani kwali a naɗe a hammata. Malamarsu ta Rashanci ce ta ba kowane yaro aro na kwana huɗu, ta ce a buga a gida tare da manya, kuma za ta tambaya. Bayan la'asar yarinyar ta shimfiɗa shi a kan ɗan gajeren teburin cin abinci. Hanya ce aka zana mai gida arba'in, irin ta wasan lido, wasu gidajen ja, ga tarin katuna a gefe.

"Mutum uku ake so," ta ce. "Kaka, sauko. Mama, bar kwanukan nan."

Ɗan jefawar ya ɓace tun a hannun 'yan wani ajin. Toktosun ya laluba aljihu ya fito da ƙashin idon sawun rago, wanda ya yi santsi don tsufa, ya ba kowane gefe cikin huɗun lambarsa. Sezim ta karanto dokoki da muryar malamarsu: Rashanci zalla za a yi, wanda ya yi Kirgizanci, harshensu na gida, ya koma baya gida uku, wanda kuma ya sauka a jan gida ya ja kati ya tambayi na hannun damansa abin da ke ciki, dole a amsa.

"Ni da na yi shekara biyu ina soja cikin Rashawa," tsohon ya ce, "sai wata malama 'yar shekaranjiya ce za ta gwada ni?"

"Kaka, Kirgizanci ka yi. Gida uku."

"Ai ko farawa ba mu yi ba, ja'ira."

"To ka fara daga bakin tebur. Tsufa ba hujja ba ce."

Rashancin Toktosun na bariki ne, rabinsa ashar, shi ya sa kowace jimla sai ya haɗiye wani abu ya rufe da tari. Na Jipara kuwa ɗan abin da ya maƙale ne daga makarantar ƙauye, kalmomi ƙalilan da suka yi tsatsa. Sezim ta fi su duka tsabtar baki, ta kuma san ta fi su, don haka ba ta raga wa kowa ba.

A jifa na huɗu Jipara ta sauka a jan gida. Ta ja kati, ta dubi damanta, sai ta ga gwiwar surukinta. Ta juya wajen Sezim kamar kullum.

"Tambayi kakanki..."

"Gida uku, Mama. Kuma ba ni ce a damanki ba."

Jipara ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta riga ta yi niyyar ajiye katin ta ce madara za ta ƙone, sai tsohon ya yi gyaran murya. Bai dube ta ba, kwalin yake kallo. Da Rashanci ya ce:

"Wannan harshen ba shi da suruki. Tambaya."

Ita aka yi wa maganar, ba kowa a tsakani. Ta sunkuyar da kai ta karanta a hankali, harafi bayan harafi: "Wane abinci ka fi so?"

"Hanta," ya ce. "Gasassa, da kitse."

Shekara tara tana masa girki ba ta sani ba. Duk ragon da aka yanka a gidan, hantar takan yayyanka wa yarinya ne, shi a kai masa kai da ƙashin ƙugu kamar yadda ake girmama babba. Bai taɓa aiko Sezim ta faɗa ba, don wane dattijo ne zai aika jikarsa roƙon hanta?

Da aka gama, Sezim ta ci su duka biyun ta naɗe kwalinta. Toktosun ya miƙe yana riƙe da ƙugu, ya ce da Kirgizanci, "Gaya wa uwarki a rufe kaji, akwai dila." Komai ya koma inda yake.

Washegari Jipara ta je gidan maƙwabta da suka yi yanka ta karɓo hanta ta gasa. Ta ajiye a gabansa, ya cinye, ba wanda ya aika kowa da komai. Bayan la'asar shi ya fara saukowa kan shimfiɗa tun kafin a kira shi. A ranar ta ji cewa tsoron ruwa yake, ko kogin ƙauyen ba ya haurawa sai a kan doki. Shi kuma ya ja kati ya juya, don Sezim ta sauya musu wurin zama, ya karanta wa Jipara tambayar da aka rubuta don yara: "Me kike so ki zama in kin girma?"

Dariya ta kuɓuce mata, ta farko tun da aka kawo akwatin nan. Ta rufe baki da gefen ɗankwali.

"Amsa, Mama."

"Tela," ta ce.

Tsohon ya ɗago ya dube ta sau ɗaya, ya mai da idonsa kan kwalin. Bai yi dariya ba.

Tun daga nan ta san ta ina za ta bi. Da safiyar Laraba tana tonon dankali a bayan gida tana haɗa jimlar a ranta, ta rushe ta sake haɗawa. Da Kirgizanci ta san yadda ake zuwa wa babba da magana: a fara da lafiyar dabbobi, a zagaya ta kan sanyi, a ambaci marigayi a yi masa addu'a, sannan a ajiye buƙata a gefe kamar ba ita ta kawo mutum ba. Da Rashanci ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan. Abin da take da shi na cikin katuna ne: so, tafiya, gari, tare da. Ga kuma Sezim a zaune tana fahimtar komai.

Ashe ba sai ta wahala ba. Sun yi jifa uku-uku ke nan Toktosun ya ce wa yarinyar, da Rashancinsa na bariki, ta je ta duba ko ɗan maraƙi ya kwance.

"Kuna so ku yi mini maguɗi."

"Je ki, ko in cinye miki ɗan wasanki."

Da ta fita ya jefa ƙashin, ya tura ɗan wasansa zuwa jan gida ko da yake lambar ba ta kai ba, ya ja kati. Jipara ta san katin, gefensa a yage yake, tambayar launi ce a ciki. Ya riƙe shi nesa da ido kamar mai karatu.

"Yaushe za ki tafi?"

Ashe Kubat bai iya riƙe bakinsa ba a kasuwar dabbobi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Juma'a."

"Da wa?"

"Da yayana." Ta dubi kwalin. "Da Sezim. Ina so."

"A'a." Ya ajiye katin. "Ke tafi. Ke yarinya ce, ba na riƙe ki. Sezim ta gidan nan ce."

Da Kirgizanci aka faɗi wannan, ta bakin ɗan aike, da shi ke nan, sai ta tashi ta fita da baya ta je rumbu ta yi kukanta. Amma an ce wannan harshen ba shi da suruki, ita kuma ta ɗauki maganar da gaske.

"Ni uwa ce," ta ce.

"Ni kaka ne. Ubanta ɗana ne."

"Wa zai yi mata wanka? Wa zai yi mata kitso?"

"'Ya'yana mata za su zo."

"Suna nesa. Ba sa zuwa."

"Birni ba shi da kyau. Ke kina aiki, ita tana titi."

"Akwai makaranta. Akwai likita."

"Nan akwai ni."

Ta nemi abin da za ta ce. Da harshen uwarta tana da hanya goma ta ambaton ajalin babba ba tare da ta taɓa shi ba: in kwana ya ƙare, in ta Allah ta kasance, bayan rai mai tsawo. Duk ta san su, ta sha faɗinsu a gidajen makoki. Da Rashanci guda ɗaya tak take da ita, tsirara, wadda ake faɗa wa tunkiyar da sanyi ya kashe.

"Kai tsoho ne. Za ka mutu. Ita za ta zauna ita kaɗai."

Magana zarar bunu ce. Tana fita Jipara ta so ta kamo ta, ina. Fuskar tsohon ba ta motsa ba, gemunsa ne kawai ya ɗan yi rawa.

"Ɗana ba tsoho ba ne," ya ce. "Ya mutu."

Ya tattara katunan ya daidaita gefensu a kan tebur, ya naɗe kwalin da kansa, ya mai da ƙashin aljihu, ya fita. A ƙofa ya yi karo da Sezim tana cewa maraƙi yana nan a ɗaure, wa ya taɓa mata wasa. Ya wuce ta.

Ranar Alhamis ba a aiki Sezim da saƙo ko ɗaya ba. Abinci ya sauka, aka ci, aka kwashe. Yarinyar ta yi ta duban wannan tana duban wancan, har ta gaji ta tambayi uwarta ko an kore ta daga aiki ne. Jipara ba ta iya yin murmushi ba. Kunya ce ke cin ta, da tsoro, da wani haushin kanta. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, wanda ya sayar da dokin da ya fi so aka kawo gawar mijinta gida, shi ta duba ta gaya wa zai mutu. Ta yanke a ranta cewa in magariba ta yi za ta hau tudun da ake samun layin waya ta ce wa Kubat kada ya zo. Aikin ɗinkin ya tafi. Za ta zauna ta tsufa a nan tana tonon dankali, amma ba za ta kwana ko ɗaya a wani gari 'yarta na wani ba.

Bayan la'asar Sezim ta ɗauko kwalin, don gobe za a mayar.

"Yau ba wasa," kakanta ya ce. "Ɗauki tulun nan na madara ki kai gidan liman. Ki gaishe su, kada ki yi gudu ki zubar."

"Kaka, tsoron kaye kake ji."

"Shi ne. Je ki."

Jipara tana durƙushe tana goge tebur. Ta yi niyyar bin bayan yarinyar, don ba a barin suruka da suruki su kaɗai a ɗaki ba dalili.

"Jipara."

Ta tsaya da tsumma a hannu. Da Kirgizanci ya faɗa, yadda ubanta ke faɗa. Ba ta ma san ya riƙe sunan ba. Ta waiwaya neman wanda zai karɓa mata, ba kowa.

"Zauna, 'yar nan. Da ke nake."

Ta zauna a inda take, kanta a ƙasa.

"Jiya kin gaya mini magana da harshen da ba shi da kunya. Na ji haushinki, ba zan ɓoye miki ba. Tun safe nake neman inda kika yi ƙarya, in kama, ban samu ba." Ya murza gwiwarsa. "Shekarata saba'in da huɗu. Bara na faɗi a garke, sai da na yi sa'a guda kafin in iya tashi, ban gaya wa kowa ba. Da Sezim ce ta same ni a nan, me za ta yi da ni?"

Jipara ta ƙara sunkuyar da kai. Hawaye suna ɗiga a kan tsumman.

"Na so in ba ki amsa a cikin wasan, ya fi mini sauƙi. Amma ba zan ba da jikata da harshen bariki ba. Da harshen da aka raɗa mata suna zan ba da ita. Tafi da ita. Da rani ki kawo ta ta hau tsauni, ta sha nonon goɗiya, ta san inda ubanta yake kwance. Ko kin yi aure, kada a canza mata sunan uba. Abin da nake roƙo ke nan."

"Ba za a canza ba, Baba." Ba ta taɓa kiransa da bakinta ba sai yau.

Ya ɗaga tafin hannuwansa, ita ma ta ɗaga. Ya yi addu'a doguwa, irin ta tsofaffi, hanya ta buɗe, ƙafa kada ta yi tuntuɓe, yarinya ta girma da mutunci, hannun uwarta ya yi albarka. Suka shafa. Jipara ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, wanda ta ɗauka tun ranar da Kubat ya yi waya. Ta yunƙura za ta tashi ta ɗora shayi.

"Bari," ya ce. "Taso daga bakin ƙofar nan. Hau can."

Ya nuna ƙuryar ɗaki, inda aka jera katifu masu ado har kusa da rufi, wurin da ake zaunar da baƙo mai daraja. Matar ɗa ba ta zama a can. Tana share wurin, tana shimfiɗa shi, tana kai shayi tana dawowa da baya, amma wurinta bakin ƙofa ne kusa da murhu, har ranar da ita ma za ta zama tsohuwar gida.

Sai a lokacin ta gane abin da ya faru. Mutum ba ya kiran sunan matar ɗansa, amma yana kiran sunan 'yar mutane. Duk shekarun nan ta ɗauka shirun da ke tsakaninsu katanga ce da aka gina don a tsare ta a waje. Ashe shirun shi ne shaidar cewa ita ta gidan ce. Ya ba ta 'yarta, ya kuma sallame ta, duk a magana ɗaya.

"Baba, nan ne wurina," ta ce.

"A da ke nan. Gobe za ki tafi, yau ke baƙuwata ce. Ba a barin baƙo a bakin ƙofa, sai a ce Toktosun bai san mutunci ba." Ya rufe da tari. "Hau, Jipara."

Ta samu abin da take so, duka, ba a rage mata komai ba. Amma ko ranar da aka sauke akwatin Ermek a tsakar gidan nan ba ta ji maraici irin na yau ba, don a ranar tana da gidan da za ta yi kuka a cikinsa.

Ta ajiye tsumman, ta miƙe, ta taka shimfiɗar da ta saƙa da hannunta har ƙurya, ta zauna. Tsohon ya tashi da ƙyar ya nufi murhu yana laluben inda ake ajiye kofuna, bai san wurinsu ba. Ta buɗe baki za ta gaya masa, ta ga ai yanzu ba abin da ya hana ta.

"Suna bayan tukunya, Baba," ta ce.